Jamhuriyar Masunta Mai Shafi Talatin da Biyu

Ku 'yan jami'a da kuke leƙowa shagon nan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na san abin da kuke faɗa idan kun fita. Kuna cewa aikin Baba Sabo ba aiki ba ne: a karɓi hoto a waya, a tura wa ɗan Caina, ya buga, a ɗaure a katan, a kai filin jirgi na Baiyun, jirgi ya ɗauka. Har na ji wani a cikinku yana cewa da Sinancinsa na aji da wayarsa zai iya yin abin da nake yi a hutun ƙarshen mako. To ku gyara zama.

Ni ban zo Guangzhou don in buga komai ba. Takalma na zo saye, na sayi kwantena guda, aka buɗe ta a Kano aka tarar dukansu ƙafar hagu ne. Kunya ta hana ni komawa. Ina yawo a Panyu na faɗa wata madaba'a ta wata mata da ake kira Madam Fan, wadda take neman wanda zai riƙa duba mata rubutun Larabci da na Hausa, domin injinta yana warwatsa haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kuma daga hagu yake faro su. Shekara biyu na yi a ƙarƙashinta. Ba ta taɓa koya mini komai da baki ba. Za ta miƙo mini takarda ta ce in faɗi kaurinta, in na yi kuskure ta buga rula a tebur ta miƙo wata. A haka yatsuna biyu suka koyi bambanta takardar kalanda da ta littafi ido a rufe. A wurinta na sami kayan aikin da kuke gani a kan teburin nan: littafin launuka mai lamba, wanda yanzu ya yi baƙi da dauɗar hannu, da ɗan madubin da ake kifawa a kan dab'i a ga ko launukan sun hau kan juna daidai, da wuƙar yanka. A wurinta na gane cewa jan da ke cikin waya daban, jan da ke kan yadi daban, kuma wanda bai bar fili a gefen takarda ba, wuƙa za ta aske wa ɗan takararsa hula.

Aikina na farko da na karɓa da kaina fosta ce ta wani mai neman kujerar majalisa, guda dubu goma. Ƙarƙashin hotonsa an rubuta: Zai kare talaka. Kafin nan na sha fama da mai tsara rubutu na madaba'ar a kan haruffanmu masu lanƙwasa, ina ta nanata masa cewa Hausa tana da k mai ƙugiya, kada ya yar da ita. Bawan Allah ya riƙe karatun da kyau. Ya bi duk wata k da ya gani ya saƙala mata ƙugiya. Ni kuma ina sauri, na dubi launi, na dubi hula, ban karanta ba. Fosta dubu goma suka sauka a Kano suna shelar cewa mutumin nan zai ƙare talaƙa. Ya faɗi zaɓen, kuma har yau 'yan adawarsa suna cewa ita ce fostar gaskiya ɗaya da aka taɓa liƙawa a jihar. Tun daga ranar nake karanta kowane aiki sau uku, na ƙarshen daga ƙasa zuwa sama, da yatsa a kan kowace kalma.

Amma aikin da nake so in ba ku labari shi ne wanda Hajiya Kulu ta kawo mini a lokacin baje kolin kaka na Pazhou, shekarar da annoba za ta ɓulla a ƙarshenta. Hajiya Kulu tsohuwar kwastomata ce. Daga wasu tsibirai take a tsakiyar wani tafki da ƙasashe biyu suka sa a tsakiya, ba zan faɗa muku sunansu ba. Tana zuwa sayen raga da injin kwalekwale, ni kuma ina buga mata katan ɗin bandar kifi. Ranar ta shigo da maza biyu. Ɗaya ƙato ne mai babbar riga da agogo mai nauyi, wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, Alhaji Sale, babban dillalin banda na yankin. Ɗayan siririn tsoho ne da jakar leda a hammata, Malam Idi, wanda ya yi hedimasta a tsibiran har ya yi ritaya. Ta zauna, ta cire takalmi, ta ce:

"Malam Sabo, ga wasu suna so ka buga musu ƙasa."

Na ɗauka taswira take nufi. Sai Alhaji ya sa aka rufe ƙofa, ya karanto mini jerin abin da suke so: tuta dubu biyu, hatimin gwamnati, takardar shelar 'yanci ta liƙawa a bango, da kundin tsarin mulki kwafi ɗari biyar. Tsibiran za su ɓalle su zama jamhuriya mai cin gashin kanta. Sun taho Caina ne saboda duk madaba'ar da suka shiga a gida, kafin tawada ta bushe mai ita ya kai rahoto.

Malam Idi ne ya yi mini bayanin dalili, a hankali, kamar yana koyar da 'yan aji uku. Lokacin haraji, kowace ƙasa tana aiko da kwalekwale da rasit ta ce tsibiran nata ne. Shekarar da amai da gudawa ya shigo, ya rubuta wa dukansu biyun, kowace ta amsa masa cewa ai yankin na maƙwabciya ne. Ɗalibansa tara ya binne a mako biyu. Bayan nan ya nemi littattafai ya karanta yadda ake kafa ƙasa, ya gano abu huɗu ake buƙata: mutane, da ƙasar takawa, da gwamnati, da wani daga waje da zai yarda cewa kana nan. Na farko da na biyu suna da su, na uku ga Alhaji Sale ya ce zai sadaukar da kansa, na huɗu kuma sai a bar wa Allah. Har ƙuri'ar jin ra'ayi sun yi, a kasuwar kowane tsibiri, da ƙwallon dabino da ƙwarya biyu. Ƙwaryar ɓallewa ta cika ta zube, ɗayar kuwa, in ji Hajiya, akasarin ƙwallayen da ke cikinta na masu tofarwa ne da ba su san ana zaɓe ba.

Na ce to a ba ni kundin in gani. Malam ya buɗe jakar leda ya fito da littafin rubutu na makaranta. Shafi goma sha ɗaya ne da biro, rabinsu an soke. Dattawan tsibiran sun zauna kwana uku don su rubuta shi, suka kasa wuce tambayar wane tsibiri ne zai zama babban birni, aka tashi baram-baram. Daga ƙarshe suka wakilta mutum ukun nan, suka ce duk abin da suka rubuto an karɓa, da sharaɗin ya dawo a buge da inji, domin abin da aka rubuta da hannu kowa yana iya gardama da shi.

Nan sana'a ta shigo, ku saurara. Littafi ba a buga shi shafi-shafi. Babban falle ake bugawa a naɗe a yanka, kowane falle ya ba da shafi goma sha shida. Da na buga rubutun Malam a kwamfuta da harafi mai girman da tsohon masunci zai iya gani, sai ya tashi shafi goma sha tara. Na ce musu ko dai a rage uku, ko a ƙaro goma sha uku, ko a bar fararen shafuka a baya. Alhaji ya ce shafi goma sha shida ba ƙasa ba ce, littafin koyon alwala ne. Malam ya ce farin shafi a bayan tsarin mulki gayyata ce ga duk mai biro. Saboda haka girman fallen Madam Fan ne ya yanke tsawon dokar ƙasarsu: talatin da biyu.

Kwana tara suka yi suna zuwa shagon nan da safe, ina bugawa suna faɗa, in wani kwastoma ya shigo mu juya hira zuwa farashin raga. Babin iyaka ya ci mana wuni guda. Tsibiran bakwai ne idan ruwa ya cika, goma sha ɗaya idan ya janye. Malam ya ce a rubuta cewa duk ƙasar da ruwa ya tona a tsakaninsu ta jamhuriya ce har ranar da ruwan zai dawo ya karɓi abinsa. Na buga haka. Babban birni kuwa aka ce duk tsibirin da kasuwa take ci a makon nan shi ne, tunda dama can kowa yake. Da aka zo kan wane ne ɗan ƙasa, Alhaji ya ce wanda aka haifi kakansa a can. Hajiya ta tuna masa cewa kakansu ma da jakin gishiri ya zo. Aka tsaya a kan cewa duk wanda ya yi kakar kamun kifi uku a tsibiran, kuma ya raɗa wa ɗa suna ko ya binne mamaci a can, ɗan ƙasa ne, ko wane yare yake yi.

Babin shugaban ƙasa shi ne wanda na ɗauka za a doke juna a kansa. Na tambaya shekara nawa zan rubuta, Alhaji ya gyara hannun riga ya ce ai ba a yi wa Allah shisshigi, a rubuta har illa ma sha Allahu. Hajiya ba ta ko ɗago daga wayarta ba.

"Yaya, kai da aka ba ajiyar injin masallaci na wata ɗaya, sai da liman ya zo da shaidu."

Aka rubuta shekara uku, ba a maimaitawa. Ta ƙara da cewa dole shugaban ya kwana a tsibiri, ba a gidansa mai janareto da ke gaɓar tudu ba, kuma in matarsa za ta haihu, a nan za ta haihu kamar matar kowa. Alhaji ya fita ya sha iska a baranda, ya dawo ya ce ya amince, amma a ba shi soja, ko da mutum hamsin ne, da janar ɗaya. Malam Idi, wanda bai ɗaga murya ba tun zuwansu, ya rufe littafinsa ya ce in aka rubuta kalmar soja shi ya tashi daga aikin. Babi na tara layi ɗaya ne tak: Jamhuriya ba ta da soja. Babi na ɗaya kuwa, tun kafin sunan ƙasa da tuta, na ungozoma ne a kowane tsibiri da kwalekwale mai inji na ɗaukar marar lafiya. Na ce wa Malam ba haka ake jerawa ba, sunan ƙasa ake farawa da shi. Ya ce ya sani.

Da muka gama duk wannan muna shafi na ashirin. Saura goma sha biyu, kuma maganar mulki ta ƙare musu. Na ce ko in ƙara girman harafi. Sai Hajiya ta ce in buga abin da za ta faɗa, ta shiga zubo abin da mutane suke faɗa a kansa kullum: faɗin idon raga da ya halatta, watannin da ba a shiga matattarar da kifi yake ƙwai, wanda yake da haƙƙin kafa tarko a mashigi, hukuncin wanda injinsa ya yanke ragar wani, rabon mai kwalekwale da na masu ja, da yadda mace mai banda za ta kai ƙarar dillalin da ya tauye mata awo. A wannan na ƙarshen ta dubi wanta. Alhaji ya ce wannan ba tsarin mulki ba ne, hirar bakin ruwa ce. Malam ya ce a bar shi. Muka cika talatin da biyu cif, har sai da na matse layi biyu.

Tuta kuma nata rikicin daban. Shuɗi suke so da farin kifi a tsakiya. Na buɗe musu littafin launuka, shuɗi ya fi kala arba'in, kowa ya nuna nasa, kowa yana rantsuwa shi ne launin tafkin. Muka ɗauki na Hajiya don ita ce ta fi daɗewa tana kallon ruwan tana jiran kwalekwale. Na kai wa mai zanen Madam Fan na ce kifi nake so. Ya zano mini irin nasu na tafkin lambu, mai gashin baki da ƙaton ciki da jela kamar mayafi. Da Alhaji ya gani ya ce wannan kifin bai taɓa jin yunwa ba, kuma in aka ɗaga shi za a ɗauka gidan abinci aka buɗe. Sai da aka turo hoton giwan ruwa daga gida, an shimfiɗe shi a kan tabarma, sannan aka samu. Na sa aka buga samfur ɗaya, na jiƙa shi a bokiti, na shanya a rufin bene kwana uku a rana, na ga bai koɗe ba. Na sa a yi wa bakin ɗinki biyu, don iskar tafki tana cin tuta daga gefe. Madam Fan ta tambaye ni wace ƙasa ce wannan, ba ta taɓa ganin tutar ba, ita da ta buga na duniya duka. Na ce kulob ɗin ƙwallo ne. Ta juya kundin a hannu ta ce lallai 'yan kulob ɗin nan suna yawan faɗa.

Ni ma ba wawa ba ne. Takardar zamana a ƙasar nan ta shekara-shekara ce, kuma ina da iyali a Kano. Kowane littafi da na buga akwai sunan shagona da lambata a bangon baya, ƙanana. A wannan na cire. Ranar da za su tafi na ja Malam Idi gefe na ce masa, Malam, ka fi ni ilimi, amma ka san ranar da kuka ɗaga wannan ƙyallen sojoji za su zo. Ya sa samfurin tutar da kwafin gwaji ɗaya na kundin a jakar ledarsa, ya ce:

"To ai sun zo ke nan, Malam Sabo. Shekara arba'in muna kiransu."

Sauran kayan da an gama su a mako uku, in ban da Alhaji. Yana isa gida ya fara turo saƙon murya cewa a sa hotonsa a bangon kundin. Malam ya turo cewa kada a sa. Alhaji ya turo wani hoton da hula daban. Ana cikin haka masana'antu suka rufe don sabuwar shekararsu, kuma ku kun san in suka rufe ko uwarka ce take jira sai an dawo. An buga kayan dai daga ƙarshe, babu hoto, na kai su sito a Baiyun. Sai annoba ta rufe sararin sama.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Ba baje koli, ba baƙo, ba biki a gida balle kalanda, ba zaɓe balle fosta. Mai gidan da nake haya ya ce baƙi su tashi. Madam Fan, wadda ba ta taɓa tambayata ko na ci abinci ba a shekara goma sha takwas, ta buɗe mini ɗakin ajiyar takarda ta ce in zauna a nan, kada in taɓa wuta. Wata huɗu ina kwana a kan rim ɗin takarda, ina cin shinkafa da ƙwai, ina duba rubutun kwalin takunkumi da Faransanci da Larabci, don shi kaɗai ne aikin da ya rage a garin.

Ina can Hajiya ta turo mini bidiyo. Sun gaji da jira, sun yi shelar da tuta ɗaya da kundi ɗaya. Ranar kasuwa ce, an ɗaura tutar a sandar tuƙa kwalekwale. Malam Idi ya hau kan durom yana karanta shelar, lasifika ta mutu a tsakiya, ya ci gaba da bakinsa. A gefen hoton wata mata tana ciniki da mai manja ba ta ko waiwaya ba. Aka rantsar da Alhaji Sale, ya ɗaga kwafin gwajin nan sama, ni kuwa abin da nake kallo shi ne ko ɗinkin bayan zai riƙe. Ya riƙe. Kwana biyu bayan nan saƙon murya ya shigo daga fadar shugaban ƙasa, wato wayar Alhaji, cewa an naɗa ni jakadan jamhuriya a Caina. Ina kwance a kan takarda da singileti na saurare shi, na goge shi, na goge wurin da gogaggun saƙonni suke taruwa.

Kwana goma sha biyu jamhuriyar ta yi. A cikinsu gwamnati ta mayar da masu karɓar haraji na ƙasashen biyu, bayan an ba su shayi. Ta yanke shari'ar raga ɗaya. Ta kai mace ɗaya mai naƙuda asibitin tudu a kwalekwale mai inji, ta haihu lafiya. A rana ta goma sha uku da hantsi sojojin ƙasashen biyu suka iso kusan tare, kowa daga nasa ɓangaren, suka tsaya a bakin ruwa suna gardamar wanda yake da ikon kama masu laifin, tunda wanda ya kama shi ne mai ƙasar. Shugaban ƙasa ya riga ya tafi tudu tun jajibiri don tuntuɓar masana. Malam Idi ya sa farar rigarsa ya sauko ya same su, ya buɗe musu babi na tara ya nuna da yatsa. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Daga ƙarshe suka raba: ɓangare ɗaya ya tafi da tutar, ɗayan ya tafi da Malam da kundinsa da dattawa shida.

Abin da ya biyo baya Hajiya ce ta ba ni labari da aka buɗe hanya ta dawo sayen raga. Ƙasar da ta tafi da tuta ta dawo ta gina ɗakin shan magani mai ɗaki biyu, ta shafe bangon da launin tutarta don kowa ya san mai wurin. Ɗayar ta ji haushi ta gina aji uku da rijiyar burtsatse. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa sau biyu a mako. Haraji dai har yanzu biyu ake biya. Alhaji Sale ya koma bandarsa, kuma ba ya amsa gaisuwa sai an ce masa tsohon shugaban ƙasa. Littattafan ɗari biyar na sa an niƙe su an yi kwali. Tutocin kuwa na kasa lalata su, suna nan a sito.

Na tambaye ta Malam. Ta ce dattawa shidan mako biyu suka yi aka sake su, shi kuwa wata biyar. Na ce saboda shi ya karanta shelar? Ta ce a'a, wannan tun a makon farko ya amsa, ya sa hannu. Abin da ya riƙe shi tambaya ɗaya ce. Duk ranar Litinin babban ofisan wurin yana sa a kawo shi, ya ajiye kundin a tebur, ya shafa bangon kundin, ya tambaye shi wa ya buga wannan. Malam ya ce ya manta. Aka rage masa abinci, aka mayar da shi ɗakin da ba taga, ciwon sugansa ya tashi har idonsa ɗaya ya tafi. Duk Litinin ya ce ya manta.

Na gama mata lissafin katan ɗinta ta tafi.

Bayan kamar wata biyu, wata ranar Talata da azahar, wayata ta yi ƙara, sai ga muryar Malam Idi. Muka gaisa, ya tambayi iyali da sanyi. Ya ce aiki ne da shi: shafi goma sha biyun nan na Hajiya, masunta sun kwafe su da hannu tun kafin sojoji su zo, da su ake shari'a a duk tsibiran yanzu, har na ƙetaren ruwa suna aikowa a karanta musu. Yana so a buga su kaɗai, a cire kalmar jamhuriya duk inda take, a sa ƙungiya, kuma harafin ya fi na da girma don shi ma yanzu sai da ƙyar. Na ce sha biyu ba ta cika falle ba, saura huɗu. Ya ce Hajiya ta riga ta tanadi abin da za ta ƙara.

Sai na ce masa, Malam, na ji abin da ya faru, da ka faɗi sunana, ni ina nan nesa, me za su yi mini. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ai shi ma abin da ya kira ya gaya mini ke nan. Ranar da za a sake shi, ofisan ya raka shi har ƙofa, ya ce masa tsoho ya cika taurin kai, shi fa ba don ya kama wani yake tambaya ba. Bai taɓa ganin dab'i mai tsabta irin wannan ba, ko kuskure ɗaya babu, ga ɗinki, ga takarda. Kalandar bikin 'yarsa yake so a yi masa. Wancan bikin ya wuce Malam yana tsare, amma akwai ƙanwarta tana tafe, kuma har yanzu mutumin yana aiko masa da gaisuwa yana tuni.

"To yanzu in ba shi lambar, ko in ci gaba da mantawa?"

Na ce ya gaya masa mai madaba'ar ya ce babu takarda.

Na buga wa Malam littafinsa, shafi goma sha shida, na karanta shi sau uku, na sa sunana da lambata a bangon baya. Kalandar kuwa, a shekara ashirin da huɗu da na yi ina wannan sana'a, na buga wa ɓarayi, na buga wa 'yan siyasa, na buga wa mai maganin ƙarfin maza, ita ce aiki ɗaya da na mayar.